Darussan da na koya a kan ƙarar "lauyana ya cuce ni" a shari'ar bibiya

Duk wanda kotu ta ɗaure a Amurka kan laifin bibiyar mutum da tsoratar da shi, abin da zai fara faɗa shi ne lauyansa ya cuce shi. Sau da yawa yana da gaskiya. Amma tun hukuncin Strickland na 1984 Kotun Ƙoli ta gindaya sharuɗɗa biyu: a nuna lauyan ya gaza yin abin da lauyan da ya san aikinsa zai yi, sannan a nuna da ba don gazawar ba, akwai yiwuwar gaske hukuncin ya sauya. A na biyun ake faɗuwa.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne gaggawa, wato cusa wannan ƙorafi a ɗaukaka ƙara ta farko. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta sauraron shaidu, rubutaccen bayanin zaman shari'a kawai take karantawa, kuma abin da lauya bai yi ba, ba ya cikinsa. Shari'ar bibiya tana tsayawa ne a kan jerin ayyuka, aƙalla biyu a dokar tarayya, galibi saƙonnin waya. Mai gabatar da ƙara ya zaɓo waɗanda suka fi muni, lauyan wanda ake tuhuma bai ko nemi cikakkiyar hirar ba, balle ya karanta ta. Wannan sakaci ne da babu uzuri a kansa, amma alƙalin da bai ga hirar ba zai ɗauka dabara ce, don doka ta ce ya kyautata wa lauya zato. Ya kori ƙorafin, kuma yawanci ƙofa ta rufe ke nan.

Hukuncin Massaro na 2003 ya ba da damar a jira, a shigar da ƙorafin a ƙarƙashin sashe na 2255, wato sashen dokar tarayya da ke ba wanda aka ɗaure damar komawa kotun da ta yanke masa hukunci ya ƙalubalanci hukuncin. A can ake kawo takardun rantsuwa na shaidun da ba a kira ba da cikakkun bayanan waya, a kuma nemi a sa tsohon lauyan ya yi bayani da bakinsa. Wannan na kotun tarayya ne. Kowace jiha da tsarinta, sai a duba tun ranar farko.

A shari'ar Counterman ta 2023, wadda ta taso daga saƙonnin Facebook a jihar Kolorado, kotu ta ce in kalaman barazana ne tushen tuhuma, dole a nuna mutumin ya san ana iya ɗaukar maganarsa barazana, ya yi biris. Lauyan da ya bari aka yi shari'a bayan nan ba tare da an bayyana wa masu yanke hukunci wannan ba, ya yi babban sake.

Wa'adin shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara a kotun tarayya kwana 14 ne. Wa'adin ƙorafi a ƙarƙashin sashe na 2255 kuwa shekara ɗaya ne. Wanda ya zargi lauyansa ya yafe sirrin da ke tsakaninsu a kan batun. Ga 'yan'uwanmu baƙi kuwa, laifin bibiya na iya jawo kora daga ƙasa, kuma hukuncin Padilla na 2010 ya wajabta wa lauya ya faɗi haka kafin a amsa laifi.

Kada wanda aka ɗaure ko danginsa su tuntuɓi wanda aka bibiya don neman shaida. Kusan kullum akwai umarnin kotu da ya hana, saɓa shi sabon laifi ne, kuma mutumin da aka tsorata yana da haƙƙin a bar shi ya huta.