Fitilar gilashi mai launi a Katako

Yau da hantsi, a kasuwar Katako da ke Yamai, na tarar da wani dattijo mai gyaran kayan lantarki yana mayar da ɓallin gilashi guda a jikin wata fitila mai siffar lema, irin wadda Louis Comfort Tiffany ya yi suna da ita a Amurka a ƙarshen ƙarni na 19. Da na ce, "Baba, wannan fenti ne?", sai ya ɗaga ɓallin ya nuna mini gefensa, na ga shuɗin ya ratsa har ciki. Tun gilashin yana narke a wuta ake zuba masa sinadarin ƙarfe: kobalt yana ba da shuɗi, zinariya kuma ja mai zurfi. Sauran aikin na hannu ne, domin kowane ɓalli sai an yanka shi bisa zane, an goge bakinsa, an naɗe gefensa da siririn jan ƙarfe, sannan a jera su bisa abin da ya ba fitilar siffarta, a liƙe da narkakkiyar dalma, tun da dalma ba ta kama gilashi kai tsaye.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda hannun dattijon bai yi rawa ba wajen jan layin dalmar, alhali aikinsa na kullum gyaran rediyo ne. Ina ganin masu iya liƙi muna da su a nan Yamai, gilashin mai launi ne kawai ke da wuyar samu.