Kwalaben Baba a Saman Kanta

Wanda duk ya shigo kemis ɗinmu a Ƙaura Namoda, kafin ya faɗi abin da ke damunsa sai idonsa ya kai saman kanta. Tsofaffin kwalabe ne jere a can, wasu ruwan ƙasa, wasu kore, guda uku kuma shuɗi mai duhu kamar yanzu aka fito da su daga marina. Ba komai a cikinsu sai ƙura. Yara kan ɗauka na turare ne.

Mahaifina ne ya bar su. Malamin asibiti ne a ɗakin shan magani na En'e, tun wannan yanki yana cikin lardin Sakkwato, daga baya ya ajiye aikin ya buɗe shago. A lokacin Ƙaura gari ne mai motsi, don nan ne ƙarshen layin dogo. Daga 1929 ne jirgi ya riƙa tasowa daga Zariya ya biyo ta Gusau ya tsaya a nan, ya kwashi gyaɗa da auduga, ya sauke kayan kanti. Maganinmu ma ta nan yake zuwa, cikin akwatunan katako da aka cusa wa ciyawa don kada gilashi ya fashe. Tsohon littafinsa na bashi yana nan, duk sule da sisi da taro ne a ciki, har zuwa shafin da naira ta shigo a 1973.

A wancan zamanin kwalba dukiya ce. Mai neman maganin ruwa da tasa yake zuwa, kamar mai sayen man gyaɗa. Baba zai karɓa, ya ɗaga ta wajen haske, ya sansana bakinta. In ya ji ƙanshin kananzir, ko daga Shinkafi ka tako sai ka nemo wata. In ta yi, sai ya sa mazurari ya tsiyayo daga babbar kwalba mai cin lita biyu da ɗoriya, ya yanko siririyar takarda ya yi mata gaba-gaba da almakashi, ya manna a gefe. Kowace gaba sha ɗaya ke nan. Wanda bai yi boko ba, bai yi ajami ba, ya san inda zai tsaya.

Launin ma ba ado ba ne. Masu ruwan ƙasa suna kare magani daga haske, irin su aidin. Akwai wadda har yau gindinta ke da tabon shuɗin maganin nan da ake shafa wa gyambo da bakin yara. Akwai ta farin maganin ciki da sai an girgiza, da ta man kifi wadda na tsana tun ina ƙarami, da ta kwinin, sarkin ɗaci. Wasu murfinsu ma na gilashi ne da aka goge ya zauna daram, kowace da nata. In ka musanya ba zai kama ba.

Shuɗayen nan uku su ne suka taɓa jawo mini mari. Ina ɗan shekara goma sha wani abu, bayan magariba, fitilar ƙwai tana ta lumshewa, Baba yana alwala a waje. Wata mata ta zo da goyo yana tari, ni kuma na ga dama ta samu in nuna na iya. Na miƙa hannu na ɗauko kwalba, har na cire murfi. Ban san ya shigo ba, sai saukar tafi na ji a ƙeya. Bayan ya sallami matar da maganin da ya dace, ya hure fitilar, ya damƙa mini kwalbar a cikin duhu.

"Shafa ta. Me ka ji?"

Na ce, "Baba, tana da kusurwa shida, da layi-layi a jiki."

Ya ce, "To Bature ya yi ta haka ne don mai aiki cikin dare. Duk wadda ta kartar maka hannu, ba ta shiga ciki."

Maganin shafawa ne na ciwon gaɓoɓi. Da gari ya waye ya nuna mini rubutun da aka zuba a jikin gilashin kansa, da Turanci, cewa ba na sha ba ne. Takarda tana iya yagewa, wannan kuwa sai dai kwalbar ta fashe.

Sayar da magani ta tsiyaye ya mutu, kuma ni ban yi kukan mutuwarsa ba, duk da son da nake wa kwalaben. Amana ce ta mutum ɗaya, ba kowa ne Baba ba. A 1990 yara fiye da ɗari suka rasu a ƙasar nan saboda sirof ɗin farasitamol da aka haɗa da sinadari mai guba. A 1993 aka kafa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma daga 2001 da Dora Akunyili ta hau shugabancinta, har ɗan ƙauye ya koyi juya kwali yana neman lamba. Lasisin irin shagonmu, wanda hukumar masu harhaɗa magunguna ke bayarwa, bai yarda mu haɗa magani ko mu yi allura ba. Yadda kamfani ya rufe shi haka za mu sayar. Ba zan ce duk 'yan sana'armu na bin wannan ba.

Sauran canje-canjen sun zo da sauri. Kulorokwin da ke sa mutane susa har asuba an sauke shi daga maganin farko na zazzaɓin cizon sauro a 2005. Sari ya koma Kano ta mota. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara aka rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga, ko kiran dila ba ma iya yi. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40, alhali kwalaye da yawa an rubuta kada su wuce 30, abin da ya sa na ci bashi na sa sola don fanka da ƙaramin firji.

Kwalbar da ta fi ba ni tsoro a wannan sana'a ba ta da layi-layi. Sumul take, 'yar ƙarama, ga zaƙi. Kafin gwamnati ta hana sirof ɗin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, samari lafiya lau, har da matan aure ta hannun 'yan aike, sukan zo neman uku ko huɗu a tashi ɗaya, ba wanda ke tari a cikinsu. Na daina kawo shi tun kafin dokar, na rasa ciniki, wani ma ya ce ina yi wa arziki rowa. Har yanzu akan sami mai raɗa, "Alhaji, ko akwai 'yar kwalba?" Sai in nuna masa saman kanta in ce ga su nan, ya zaɓa.

Kwanakin baya wani mai sayen kayan da ya taya shuɗayen da kuɗi mai kauri, na ce a kai kasuwa. Yana fita wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda, ta kwance bakin zane ta fito da wata kwalba ruwan ƙasa, murfinta totuwar masara.

"Ɗan nan, zuba muna farin maganin ciki irin na ubanka."

Na ce, "Inna, yanzu da kwalbarsa yake zuwa."

Ta juya ta robar da na miƙa mata, ta matsa ta da yatsa ta ga ta lotsa, ta taɓe baki. Ta biya, ta ƙulle su duka biyun a bakin zanenta, ta ce in ta je gida za ta juye.