Koren da na yarda da shi a aikin Kakuri

Ranar Alhamis na miƙa makullin ofis bayan shekara huɗu, amma har yau aikin ginin siton nan na Kakuri, a Kaduna, ne ke fara faɗo mini a rai.

Da kamfani ya sayo manhajar da ke tsara mahaɗar ƙarfe da kanta, wato inda ƙarafan gini ke haɗuwa, ni aka ɗora wa gwada ta a aikin siton. Na nemi sati uku, domin mu da ƙa'idar lissafin ginin ƙarfe ta BS 5950 muka saba, ita kuwa da wata ƙa'idar, Eurocode 3, take lissafi. Oga ya ce kwana huɗu, ɗan kwangila na jira. Na zaɓi mahaɗa shida na lissafa da hannu, duk suka dace. Sauran na ga sun nuna kore a manhajar, alamar sun yi daidai, na wuce.

Ingancin ƙarfen ne ban bincika ba. An bar manhajar a kan ƙarfe mai lamba S355, farantan ƙarfen da aka sayo kuwa S275 ne, mai ƙarancin ƙarfi, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da muka dogara da shi babu shi. Abin da ya fi ci mini rai, da na zauna lissafin hannun, 355 ɗin da ke kan takardar manhajar na kwafa. Dole su dace mana.

Wani dattijo mai walda, wanda ya koyi sana'a a Panteka, shi ya lura da lambar da ke jikin farantin. Ya ja ni gefe, ya ce, "Injiniya, wannan ba shi ne a takardarka ba." Na ce, "Baba, bari in duba." Allah Ya taimake mu ba a ɗaga ko bim ɗaya ba, wato ƙarfen da ake gittawa a kan ginshiƙai. Faranti 32 aka yanke aka sake da masu kauri, aiki ya tsaya sati biyu.

A taron da aka kira, Oga bai ambaci sati ukun da na nema ba, bai kuma ambaci hatiminsa na COREN, hukumar kula da aikin injiniya, da ke kan zanen ba. Kuskurena ne, na amsa. Amma ba ni kaɗai ba ne, kuma da na rubuta buƙatata a takarda da ba a binne ta ba.

Daga baya na koyi duba ko sifana za ta shiga tsakanin noti da ginshiƙi, da tabbatar da cewa bol mai lamba 8.8 aka kawo, ba 4.6 da bai kai shi ƙarfi ba.

Mahaɗa 140 na sake bi ɗaya bayan ɗaya, da daddare, ba wanda ya sa ni. Littafin lissafin na bar wa yaron da zai gaje ni, yana cikin durowar hagu.