Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Haruffa masu takalmi

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya ɗauko ni daga Tawa ya kawo ni Yamai, ya damƙa ni ga maigidana, mai rubutun allunan shaguna a bakin kasuwar Katako. Na daɗe ban taɓa fenti ba, sai wanke buroshi da kananzir da jan layi da zare mai alli. Ranar da ya yarda in fara, harafin H kaɗai ya ba ni: ƙafa biyu masu kauri, kowace da takalminta sama da ƙasa, wato ɗan layin da ke gicciye a ƙarshenta, kaurin takalmin ya kusa kai na ƙafar. Ya ce, "Yaro, harafin da ba shi da takalmi rana ce ke cinye shi."

Kuma haka ne. Rana da ƙurar hunturu siririn layi suke fara ci, mai babur kuma ba ya tsayawa ya karanta allo, kallo ɗaya yake yi ya wuce. Maigida, Allah ya jiƙansa, bai san sunan ko ɗaya daga haruffan nan ba. Sai dai ya nuna mini rubutun Honda a jikin injin wuta, da na Sony a rediyonsa, da na Volvo a manyan motoci, ya ce in lura da yadda suka kafa ƙafa. Sai da na yi furfura na ji cewa tun 1815 aka fara irinsu a Landan saboda takardun talla, samfurin haruffan da ake kira Clarendon ya fito a 1845, wanda ake kira Rockwell a 1934.

Wanda ya gaya mini wannan ma ɗan ƙanwata ne, yaron da na koya wa riƙe buroshi da hannuna. Yau yana da injin buga talla, yana ce wa mutane rubutuna tsohon yayi ne. Tsohon yayi! Rockwell ɗin yana nan cikin kwamfutarsa, bai kula shi ba, sai ya zaɓi wasu sirara masu lanƙwasa, ya buga a leda. Idan sunan shago yana da ƙ ko ɗ, sau da yawa ya bar su ba lanƙwasa, ya ce harafin babu. Ni ban taɓa rubuta Ɗan Ader da D ba.

Na yi gaba da yawa. Gobara ta cinye babbar kasuwar Yamai a 1982, aka buɗe sabuwa a 1987, a nan aiki ya yi mana yawa har muna kwana a kan alluna. Da kuɗin ne na yi auren fari. Allon wani Alhaji mai atamfa, fari a kan kore, ni kaɗai na yi shi. Maigida ya tsaya can nesa ya karanta, ya ce, "Wannan rana ba za ta ci shi ba." Shi ne allon da yaron nan ya sa aka sauke, bai ko aiko mini da katakon ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda muka rabu da maigida da komawata Tawa.