Alamar Hanya Ita Ce Ke Faɗin Shekarar Hoto

Na shigo harkar hoton titi ina farautar fuskoki, kamar yadda kusan kowa yake farawa. Abin da ya karkatar da ni zuwa ga alamomin hanya shi ne yawan zama da tsofaffin hotunan da manyan ɗakunan adana tarihi suka zuba a intanet, musamman na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, inda ake da hotunan baƙi da fari wajen 175,000 waɗanda gwamnatin ƙasar ta sa aka ɗauka tsakanin 1935 da 1944. In ka daɗe kana kallonsu sai ka tarar idonka ya bar mutumin da aka nufa da kyamara, ya sulale gefe. Gajiyar da ke fuskar lebura ba ta da shekara, yadda take a wancan zamani haka take yau. Amma allon da ke bisa kansa, da ƙirar fitilar danja, da lambar motar da aka ajiye a bayansa, su ne suke gaya maka ina ne nan, kuma yaushe ne.

Ɗauki alamar tsayawa ta Amurka, mai kusurwa takwas ɗin nan. Ta fara bayyana a Detroit a 1915, baƙin rubutu a kan farin allo. Daga shekarun 1920 ta koma ruwan ɗorawa da baƙin rubutu, ta zauna a haka har 1954, lokacin da aka mayar da ita ja da farin rubutu. A hoton baƙi da fari babu launi, amma bambancin bai ɓuya ba: ruwan ɗorawa yana fitowa da haske, ja kuwa yana yin duhu. Saboda haka in na ga rubutu mai duhu a kan allo mai haske, na san tsohuwar ce; in na ga farin rubutu a kan allo mai duhu, na san hoton bai riga 1954 ba, sai dai in a wani yanki ne da ya yi gaban kansa tun da wuri. Sai dai akwai tarko a nan. Sabuwar alama tana ba ka tabbacin cewa ba a ɗauki hoton kafin fitowarta ba. Tsohuwa ba ta ba ka tabbacin komai, don hukumomi ba sa tumɓuke alamu a rana ɗaya. Wata takan yi shekara goma tana tsaye a lungu bayan an soke ta, tsatsa na cin ta, ba wanda ya tuna da ita.

A Turai ma lissafin iri ɗaya ne. Yarjejeniyar da aka ƙulla a Paris a 1909 alamu huɗu kacal ta tanada: gargada, kwana, mararraba da wurin tsallaka layin dogo. Tsarin da ƙasashe da yawa suke bi yanzu, na alwatika mai jan baki don gargaɗi da da'ira don umarni, an tattara shi ne a yarjejeniyar Vienna ta 1968. A Ingila, zanen fari da baƙi na wurin tsallaka titi ya zama doka a 1951. Wanda ya riƙe 'yan shekarun nan a ka zai iya kintatar zamanin hoto kafin ya juya bayansa ya duba ko an rubuta wani abu.

Labarin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne na Herbert Spencer, wani mai tsara rubutun ɗab'i a Landan. A 1961 ya bi hanya daga tsakiyar birnin zuwa filin jirgin sama yana ɗaukar alamomin da ya ci karo da su, ya jera su a mujallar da yake shiryawa. Babu ko ɗaya a cikin hotunan da za a rataye a bango don kyau. Amma da aka gan su jere, sai kowa ya ga irin hargitsin da direbobi suke fama da shi: wannan allo da manyan baƙaƙe, wancan da ƙanana, kowace hukuma da nata salo. Ba a jima ba gwamnati ta kafa kwamiti, aka ba Jock Kinneir da Margaret Calvert aikin zana sababbi, sababbin alamomin suka fara aiki a farkon 1965. Daga nan na gane cewa irin wannan hoto ƙarfinsa a jeri yake. Guda ɗaya ba ya cewa komai.

To, da na fita da kyamara, abu na farko da aikin ya koya mini shi ne ja da baya. Hannu yana son ya matso ya cika hoton da allon, amma allo tsurarsa ba shi da wani amfani, ana samun irinsa a littafin koyon tuƙi. Yanzu nakan tsaya nesa har sai ƙasan turken ya shigo, da bakin kwalta, da ƙofar kantin da ke bayansa, da aƙalla mota ɗaya ko mai tafiya a ƙasa. Falwaya da tarkacen wayoyin da ke kanta, waɗanda masu neman hoto mai tsabta suke kaucewa ko su goge a kwamfuta, ni barinsu nake yi. Charles Marville, wanda birnin Paris ya ɗauka aikin hoto a shekarun 1860 lokacin da ake rushe tsofaffin unguwanni, har fitilun titi da wuraren fitsarin jama'a ya bi ya ɗauka. A lokacin wa zai ce wannan abin ajiyewa ne? Yau masu tarihin birnin da su suke aiki.

Filasha kuwa na daina kunna ta gaba ɗaya. Alamun zamani an lulluɓe su da wani abu mai mayar da haske wurin da ya fito, don direba ya gan su da fitilar motarsa. In ka haska su daga kusa da bakin kyamara, hasken kai zai dawo wa: allon ya yi fari fat, rubutun ya narke, sauran titin ya yi duhu ƙirin. Da dare gara ka kafa kyamara a kan ƙafarta, ka bar ta ta sha hasken fitilun titi a hankali. Da rana kuma na fi son hantsi ko la'asar, sa'ad da haske ke zuwa ta gefe. A lokacin ne komai yake fitowa. Akwai wata alamar kwana da nake yawan komawa wurinta: fentin jan bakinta ya koɗe ya koma kalar ƙasa, an liƙa mata takardar talla an yage, ragowar gam ɗin ta kama ƙura, ga lotsawa a kusurwar ƙasa daidai tsayin bayan babbar mota. A tsakar rana duk wannan ba ya fitowa, allo ne kawai mai walƙiya. Da la'asar kuwa har kan ƙusoshin da suka riƙe ta suna da inuwarsu.

Wani darasin daga tsofaffin hotuna na same shi, kuma ya shafi yadda ake karanta su. Hoton da Louis Daguerre ya ɗauka na titin Boulevard du Temple a Paris a 1838 ya nuna titi fayau, kamar an yi shara. Ba haka titin yake ba. Kyamarar ce take buƙatar mintoci a buɗe, duk abin da ke motsi, kekunan doki da masu wucewa, bai bar sawu ba. Wanda ya fito shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, da mai gogewar. Saboda haka kada ka ga titin ƙarni na 19 babu kowa ka ce garin ba mutane. Ni ma nakan yi amfani da wannan da gangan: in ina son alama ta tsaya daram motoci su zama layukan haske a bayanta, sai in rage saurin ɗauka. Amma ba na yin haka ba tare da na ƙara wani hoton mai sauri ba, wanda za a iya karanta lamba da ƙirar mota a cikinsa. Na farkon don daɗin ido ne, na biyun shi ne shaida.

Mafi wahala a cikin aikin shi ne maimaita tsohon hoto daga inda mai shi ya tsaya. Mutane suna ɗauka zuƙowa da lensi zai gyara, ba ya gyarawa. Abin da ake nema shi ne wurin tsayuwa. Nakan zaɓi abu biyu da suka tsira, ɗaya kusa ɗaya nesa, misali kusurwar wani gini da tagar wani bene a can baya, in yi ta matsawa dama da hagu har sai sun haɗu yadda suka haɗu a tsohon hoton. Sau da yawa wurin yakan faɗa tsakiyar kwalta, don an faɗaɗa titi, ko ya kasance daga tagar bene aka ɗauka. In a tsakiyar kwalta ne, haƙura nake yi in ɗauka daga gefe, in rubuta cewa na goce.

Maganar mutane da hukuma gajeriya ce. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ko'ina kyamara kusa da barikin soja, shingen bincike ko filin jirgi neman magana ce. In fuskar mutum za ta fito sosai, ina tambayarsa tukuna. In ya ƙi, na wuce.

Sai rubutu, wanda shi ne rabin aikin. Kyamara da waya suna ajiye ranar ɗauka a cikin fayil, amma da zarar hoto ya bi ta Facebook ko WhatsApp, yawancin wannan bayani ya tafi. Don haka ina sa shekara, wata da rana a farkon sunan fayil, sannan sunan titi da mararrabar da ta fi kusa, da inda na fuskanta, gabas ko yamma. Waɗanda na wanke a takarda ina rubuta musu haka a baya da fensir, don tawadar biro tana iya hudowa ta gaba. Hoton titin Kungsgatan a Stockholm da safiyar 3 ga Satumba, 1967, ranar da Sweden ta koma tuƙi ta hannun dama, cinkoson motoci ne kawai ga wanda bai san ranar ba.

Yanzu na fi ba alamun wucin gadi muhimmanci a kan na ƙarfe, don su ne suke saurin ɓacewa: allon kauce hanya da aka rubuta da hannu, sanarwar aikin gada, kibiyar da aka fesa da fenti a bango. Tambarin da aka manna a ƙasa a 2020 don mutane su ba juna tazara ya cika ko'ina a lokacin, yanzu sai an tona kafin a ga ragowarsa. In na ci karo da irin waɗannan ba na jiran la'asar, a take nake ɗauka da ko wane irin haske, in dawo daga baya in na tarar suna nan.