Shafin da ka zana da hannunka: wane CMS za ka ɗora masa?

Ka rubuta HTML da CSS ɗinka, shafi ya fito yadda mai shi yake so, sai ya tambaye ka yadda zai riƙa sauya farashi da hotuna ba tare da ya kira ka ba. A nan ne yawancin sababbin shiga wannan sana'a suke buɗe cPanel, allon sarrafa masaukin shafi (hosting), su danna manhajar girke-girke ta Softaculous, su girka WordPress, sannan su shafe mako biyu suna kokawa da jigon wani, wato theme, don ya yi kama da zanen da suka riga suka gama. Mu da muka riga ku, ƙannena, ta wannan ƙofar muka shigo, kuma ba mu ji da daɗi ba. CMS, wato manhajar sarrafa abin da ke cikin shafi, aikinsa ɗaya ne, ya ba mai shafi damar sauya abin da ke ciki. Zanen naka ne, shi CMS ɗin ne ya kamata ya lanƙwasu ya bi zanen.

Kafin ka sauke komai, ɗauki takarda ka zauna da mai shafin, ku lissafa abubuwan da za su riƙa sauyawa. Za ka yi mamakin ƙarancinsu. Shafin makaranta mai zaman kanta yawanci bai wuce sanarwa, kuɗin zango, ranakun hutu da komawa, hotunan bikin yaye ɗalibai, da lambar waya ba. Na mai sayar da atamfa da shadda kuwa jerin kaya ne, kowanne da suna, farashi, hoto, da alamar akwai ko ya ƙare. A gaban kowane abu rubuta irinsa: layi ɗaya ne, dogon rubutu ne, hoto ne, kwanan wata ne, ko abu ne mai maimaituwa. Sannan ka tambayi wanda zai riƙa yin gyaran, da kuma na'urar da zai yi amfani da ita. Sau da yawa ba Alhajin da ya biya kuɗin ba ne, sakatarensa ne ko yaron shago, kuma a waya zai yi, da datar da ya saya da kuɗinsa. Duk CMS ɗin da allon gyaransa ba ya buɗewa da kyau a ƙaramar waya ya faɗi jarrabawa tun daga nan.

Ba cewa nake WordPress ba shi da amfani ba. Tun 2003 yake, yau kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet a kansa suke, don haka ko ka bar aikin, mai shafi ba zai rasa wanda zai karɓa ba. Idan jarida ce mai marubuta goma da dubban labarai, ko kanti mai karɓar kuɗi ta intanet da WooCommerce, ɗauke shi kai tsaye. Amma ka rubuta jigonka da kanka daga zanenka, ka yi amfani da fulogin (plugin) na Advanced Custom Fields wajen gina guraben cikewa, ka bar manhajojin ja-ka-ajiye irin su Elementor, domin suna lafta wa kowane shafi CSS da JavaScript da zanenka bai buƙata. Jigo ko fulogin na kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta a Telegram kuwa, kar ka kusance shi. Da yawansu an dasa musu ƙofar baya, bayan wata uku sai ka ga shafin makaranta yana tura mutane wurin caca.

Ga ƙaramin shafi mai fejin da bai wuce hamsin ko ɗari ba, inda na fi son ku duba shi ne CMS marasa rumbun bayanai, waɗanda suke ajiye komai a fayiloli cikin folda. Ba MySQL, ba phpMyAdmin. Ɗaukar kwafin ajiya shi ne ka matse foldar ka sauke, ƙaura zuwa wani masauki kuma shi ne ka ɗora ta can.

Kirby shi ne ya fi dacewa da wanda ya zo da zanensa. Kowane feji folda ce a cikin content, a cikinta akwai fayil na rubutu zalla, guraben an raba su da layi mai gajerun zane huɗu (----), hotunan fejin kuma suna nan gefensa. Samfuran shafi, wato templates, PHP ne tsantsa: ka kwafo HTML ɗinka cikin site/templates, inda taken yake ka sa `<?= $page->title() ?>`, shi ke nan. Allon gyara kai ne kake tsara shi da ƙananan fayilolin YAML a site/blueprints, don haka mai atamfa zai buɗe ya ga gurabe huɗu kacal, suna da farashi da hoto da maɓallin akwai ko babu. Aibinsa kuɗi. Gwaji a kwamfutarka kyauta ne, amma kowane shafi da ya hau intanet sai an saya masa lasisi da kuɗin waje. Ka sa wannan a cikin farashin aikin tun ranar ciniki, ka kuma tabbatar katin da za a biya da shi yana wucewa, kar a gama gini a tsaya cirko-cirko.

Grav kyauta ne. Fejoji suna zama a user/pages cikin Markdown, samfura kuma da Twig ake rubuta su, wanda mai hannu a HTML zai koya cikin kwana biyu ko uku. Allon gyaransa fulogin ne daban mai suna Admin, kuma yadda yake zuwa, yana nuna wa mai gyara saituna da yawa da ba ruwansa da su, sai ka zauna ka rage. Bludit ya fi su sauƙi, amma ya fi karkata ga rubuce-rubuce masu jeruwa bisa kwanan wata. Pico kuwa ba ya zuwa da allon gyara ko kaɗan, ya yi wa mai shafin da ya iya buɗe fayil da kansa, bai yi wa sakatare ba.

Waɗannan duka suna da iyaka. Idan fejoji suka kai dubbai, ko ana yawan bincike da tace kaya ta farashi da launi da girma, karanta fayiloli ɗaya bayan ɗaya yana fara nauyi. A nan ProcessWire ya fi, yana aiki da MySQL amma ba ya tilasta maka ko layi ɗaya na HTML. Akwai kuma CouchCMS, wanda aka yi shi musamman don shafin da aka riga aka gama: ka mayar da fayil daga .html zuwa .php, ka sa layi ɗaya a sama da ɗaya a ƙasa, ka kewaye wurin da kake so a riƙa gyarawa da alamar `<cms:editable>`. Shi ma yana buƙatar MySQL.

Samari masu son sabon abu za su ce a gina da Hugo ko Eleventy, masu fitar da fejojin HTML zalla, a ɗora a Netlify ko Cloudflare Pages, a haɗa da Decap CMS, wanda kafin 2023 ake kira Netlify CMS. Shafin zai yi sauri ƙwarai, kuma babu PHP da za a kutsa ta cikinsa. Sai dai kowane gyara yana bi ta Git ne, tsarin da masu rubuta manhaja suke adana sauye-sauyen fayiloli da shi, mai gyara yana buƙatar hanyar shiga da sai ka saita ta daban, fom ɗin tuntuɓa yana buƙatar wata hidima ta daban, kuma ranar da ginin ya ƙi kammaluwa saboda wani kunshin JavaScript ya sauya, babu wanda zai iya gyarawa a ofishin sai kai. Ka yi wa shafinka na kanka haka, ka yi tunani sau biyu kafin ka yi wa abokin ciniki.

Ko wanne ka zaɓa, girka shi a ainihin masaukin da shafin zai zauna, ba a kwamfutarka kawai ba, ka gwada shi da abin da za a zuba masa na gaske. Fara da haruffanmu. Rubuta take mai ƙ da ɗ da ɓ, manya da ƙanana, da 'y irin ta Nijeriya da ƴ irin ta Nijar, ka adana, ka sake buɗewa. Idan suka koma alamar tambaya, rumbun bayanan yana kan latin1 ne, mayar da shi utf8mb4 tun babu komai a ciki. Idan suka fito amma da siffa daban da sauran haruffan kalmar, zanen haruffan da ka zaɓa ne ba shi da su, burauza ta aro daga wani wuri. Noto Sans da Andika da Charis suna da su. Duba kuma adireshin da CMS ya ƙirƙira daga taken, domin wasu suna zubar da harafin da ba su gane ba, "ɗalibai" ya koma "alibai". Ka koya wa mai gyara ya riƙa rubuta adireshin da d da k da b na yau da kullum.

Sai hoto. Hoton waya yakan kai megabait 3 zuwa 5, alhali saitin PHP na asali, upload_max_filesize, megabait 2 ne, post_max_size kuma 8. Wasu masu masauki suna ɗagawa, wasu ba sa yi, sai mai shafi ya yi ta ɗora hoto yana ƙin hawa ba tare da wani bayani ba. Ɗaga su a cPanel, sannan ka tabbatar akwai GD ko Imagick, kayan PHP na rage girman hoto, ka sa samfurinka ya rage kowane hoto zuwa faɗin fiksel 1600 ko ƙasa da haka kafin ya nuna shi. Kada ka dogara da cewa mai gyara zai rage da kansa, ba zai yi ba, kuma feji mai hotuna goma sha biyu da ba a rage ba zai cinye wa mai ziyara kusan megabait hamsin.

Duba sigar PHP da CMS ɗin yake nema da wadda masaukin yake bayarwa. PHP 7.4 ta daina samun gyaran tsaro tun Nuwamba 2022, duk CMS ɗin da har yanzu ba ya tafiya a kan PHP 8 an yi watsi da shi ne. Leƙa GitHub ɗinsa ka ga yaushe aka fitar da siga ta ƙarshe, domin ƙananan CMS da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da su, in ya gaji sun tsaya. Izinin fayiloli 644, na folda 755. Idan wani abu ya ƙi rubutuwa, kar ka buga 777 don ka huta, nemo wane mai amfani ne PHP yake gudana da sunansa. Masu ajiya a fayil suna da wani tarko na musamman: kariyar foldodinsu tana cikin .htaccess, wanda manhajojin sabar Apache da LiteSpeed suke karantawa amma Nginx ba ya karantawa. A kan Nginx sai ka rubuta dokokin da hannu, ka kuma gwada buɗe fayil ɗin asusun masu shiga ta burauza. In ya buɗe maka, ya buɗe wa kowa.

Wurin tsara allon gyara, ka yi rowa. Babban akwatin rubutu mai maɓallin launi da girman harafi shi ne yake kashe zane cikin wata ɗaya, musamman idan ana kwafo rubutu daga Word da duk tarkacensa. Bar kauri, da mahaɗa, da jeri, cire sauran. Sa wa take iyakar haruffa, saba'in ya isa. Ka gwada samfurinka da gurbin da aka bari fanko, da kuma taken da ya yi layi uku, ka ga ko zanen zai karye. Asusun mai gyara ya zama daban da naka, marar ikon taɓa saituna ko girka fulogin.

Ranar miƙa aiki, sunan shafin, ko .com ne ko .com.ng, ya kasance an yi rajistarsa da sunan mai shi da imel ɗinsa, haka ma lasisi da asusun masauki. Ka ɗauki kwafin ajiya, ka warware shi a wata folda ta gwaji, ka ga shafin ya tashi daga gare shi, sannan ka ba mai shi kwafi ɗaya a filashi. Daga nan ka miƙa wa wanda zai riƙa gyaran wayarsa, ka ce ya sauya farashi ɗaya, ya ɗora hoto ɗaya, ya goge tsohuwar sanarwa, kai kuma ka rungume hannu kana kallo. Duk inda ya tsaya yana neman maɓalli, rubuta shi, ka koma ka sauya sunan gurbin zuwa kalmar da shi yake amfani da ita, da Hausa in ita ce ta fi masa sauƙi, kafin ka karɓi cikon kuɗinka.