Alhamis, ni da alwatika

Bayan sallar Asuba ban koma barci ba, don kuwa wata gasa ta tsaya min a rai tun jiya. A ba kwamfuta ɗigo uku, kowane da lambobinsa na x da y, ita kuma ta faɗi irin alwatikar da suka haɗa: mai kusurwar digiri 90 ce, ko kusurwowinta duka ba su kai 90 ba, ko ɗaya ta wuce; sannan ko gefenta uku daidai ne, ko biyu. Wanda ya rubuta kod mafi gajarta shi ya ci. Harafi-harafi ake ƙirgawa, har tazarar da ke tsakanin kalmomi.

Da Python, harshen rubuta kod, na zauna yi. Da yawa suna farawa da fitar da tsawon kowane gefe da sqrt, umarnin da ke fitar da tushen lamba (wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da ita), ni kuwa na ƙi ta. Ba don tsawonta kaɗai ba, tana jawo kuskure. Ɗauki ɗigon 0,0 da 1,1 da 2,0. Kusurwar sama 90 ce cif, amma in ka ɗauki tushen 2 ka sake ninka shi da kansa, 2.0000000000000004 za ka gani, sai kwamfuta ta rantse maka ba 90 ba ce. In ka bar tsawon a ninke da kansa, 2 da 2 da 4 ne, cikakkun lambobi, ba gardama. Sai ka jera su daga ƙarami zuwa babba, a, b, c, ka gwada a+b da c: in sun yi daidai 90 ce, in a+b ya fi c ba ta kai ba, in bai kai c ba ta wuce. Ka'idar Pythagoras ke nan.

Da hantsi na shiga adaidaita zuwa Kabuga, inda kawuna yake wa wani gini. Na tarar yana fitar da kwanar ɗaki da igiya da ƙusa: ƙafa 3 nan, ƙafa 4 can, tsakani kuma sai ta ba shi 5. Na ce, "Kawu, ai abin da nake fama da shi ke nan tun asuba." Ya ce, "To ɗana, in ba ta kai biyar ba, bulo ba ya hawa." In ka ninka kowace da kanta: tara da sha shida, ashirin da biyar.

Abin da ya fi faranta min rai ya zo ne bayan La'asar. In x da y cikakkun lambobi ne, alwatika mai gefe uku daidai ba za ta taɓa fitowa ba, saboda faɗin filinta sai da tushen 3 a ciki, alhali faɗin da ake samu daga irin waɗannan ɗigo ko cikakkiyar lamba ne ko da rabi. Layin kod guda mai gwada wannan na share baki ɗaya, kuma hankalina kwance.

Akwai wurin da ban yarda a rage ba ko don cin gasa. Ɗigo uku a kan layi ɗaya, kamar 0,0 da 1,1 da 2,2, ba alwatika ba ne, amma lissafin zai ce mai faffaɗar kusurwa ce tunda 2+2 bai kai 8 ba. Maganin yana cikin lambobin nan uku: in 4*a*b ya yi daidai da a+b-c ninke da kansa, faɗin sifili ne. Nan 16 da 16. Haruffan da ya ci sun yi min zafi, na bar su.

Gobe in Allah Ya kai mu zan duba set mai cire maimaici da len mai ƙirga abin da ya rage, don gano mai gefe biyu daidai ba tare da if, umarnin sharaɗi, ba.